Na Riga Ruwa Zuwa Dakoro

Illo, ɗan ƙanen ubana, ya ci amanata. Gonar da ubana ya sare da gatarinshi kusa da Birnin Lalle, wadda na ba shi aro gaban dattawa uku ranar da zan tafi Kurmi, ita ce ya tuge gambar iyakar da ta raba ta da tashi, ya haɗe su, ya shiga gaya wa mutane wai dama can gona guda ce. Na faɗi wannan tun da fari don kada wani ya ce na yi ta kewaye-kewaye. Ga sunanshi, ga abin da ya yi.

Amma ba dominshi kaɗai na ɗauki alƙalami ba. Tun da na dawo, duk wanda ya zauna kusa da ni a rumfar tela sai ya ce, Mahaman, yaya Kurmi take, yaya hanya? Na faɗa har yawuna ya ƙafe, kuma kowa ya ji sai ya je gaba ya ƙara gishiri. Jiya na ji wai ni na ce na ga kifin da ya fi raƙumi. Ban ce ba. To ga shi a rubuce, mai iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Lakwal ɗina aji uku ne a Maraɗi, shi ma kama ni aka yi aka kai, don haka wanda ya ga kuskure ya gyara cikin ranshi.

Shekara goma sha ɗaya na yi a Kumasi. Na yi dako a kasuwa, na yi ƙwadago a gonar koko, daga baya na zauna zango, unguwar Hausawa, wurin wani Bakatsine ina ɗaure mishi huhun goro. Ban yi arziki ba, ban kuma yi roƙo ba. Cikin shekarun nan Inna ta rasu, sai bayan wata takwas labari ya iske ni. Matata ta gaji da jira aka raba auren, tana garin Rumbu yanzu da ɗiya huɗu, ban ga laifinta ba. Abin da ya rage mani a gida gonar nan ce, sai ƙanwata Hajo da ke aure a Ajekoriya.

Abin da ya tashe ni ba wani babban abu ba ne. Ruwan farko ne ya sauka a Kumasi ina zaune ina zaɓen goro, ƙanshin ƙasa ya bugi hancina, sai na ji ba irin namu ba ne. Nasu warin ruɓaɓɓen ganye yake. Namu kuwa, in ruwa ya taɓa rairayi, kun dai san shi. Na dubi bayan hannuna na ga fata ta fara yamushewa, na ce in ban koma bana ba, cikin jar lakar nan za a rufe ni. Shekara goma sha ɗaya ina cin sakwara, ciki na cika, rai bai taɓa ƙoshi ba. Furar gero nike so, kuma geron gonar ubana.

Ga wanda ba manomi ba, ga yadda aron gona yake wurinmu. Wanda aka ba aro, duk kaka yakan kai dami guda gidan mai gona, ba don damin ya ƙosar da kowa ba, don dai idon gari ya gani. Mai gona kuwa, in yana son abinshi, sai ya zo kafin iri ya shiga ƙasa. In iri ya shiga, ko sarki ba shi cewa a tone, sai ka jira wata shekara. Na duba na ga ruwan Kumasi na riga namu da kamar wata uku. Na ce in na tashi yanzu, ko da rarrafe ne na riga shi.

Nan na yi wautar da har yau nike jin kunyarta. Duk shekarun nan ni ke rubuta wa mutanen zango wasiƙa zuwa garuruwansu, amma tawa ban taɓa aikawa gida ba. Sai wannan karon na sami takarda mai kyau, na zauna na rangaɗa wa Illo rubutu: ina gaisuwa, ina tafe kafin ruwa, ka shirya sakin gonata. Na ba wani falke mai kai goro Maraɗi. Har sai da na karanta wa abokan aiki don su ji yadda na tsara ta. Wasiƙa ta tafi, ni kuwa maigidana ya roƙe ni in ƙarasa mishi ɗaurin da muka fara, na ji nauyinshi, na ƙara wata guda da rabi.

Matar da nike haya a gidanta Ba'asantiya ce, muna ce mata Mami. Motoci biyu gare ta na kanta, mijinta kuwa ko keke bai da shi, kuma can wannan ba abin magana ba ne. Ranar tafiyata ta ƙunsa mani dokunu, wani tuwon masara mai tsami da suke dafawa cikin ganye, da soyayyen kifi da barkono. Ta tambaye ni wa na bar wa gonar da nike ta ambato, na ce ɗan ƙanen ubana. Ta kama baki. Su a wurinsu gado ba ta wajen uba yake bi ba, ɗan ƴar'uwarka mace shi ke gadonka, ɗanka na cikinka yana kallo. Na sha yi musu dariya kan wannan. Ta ce dangin uba abokan gasa ne, dangin uwa su ne naka. Na ce ta bar mu da namu, mu da ba mu kiɗa da rawa ranar jana'iza kamar su. Ta yi dariya, ta ƙara mani kifi biyu.

Kayana ba su da yawa: akwatin ƙarfe, turmin atamfa biyu na Hajo, ƙaramin huhun goro na gaisuwa, sai keke sabo fil, wanda na daɗe ina ganin kaina bisanshi ina ratsa kasuwar Dakoro. A motar da na shiga, babbar kamiyo mai benci a baya, Allah ya haɗa ni da Hamani, Bazabarme, tsohon soja. Ya rungume agogon bango a cinya, naɗe cikin bargo kamar jinjiri, duk ramin da mota ta faɗa sai agogon ya buga ƙararrawa. Da ya ji daga Dakoro nike, ya dubi keken da aka ɗaure bisa, ya ce ya san wajen, lokacin soja ya ratsa, can jaki ma sai ya yi shawara kafin ya taka.

"Bahaushe," ya ce, "keken ga shi zai hau ka, ba kai za ka hau shi ba."

Na ce wanda ya sayi agogo zai kai ƙauyen da zakara bai taɓa makara ba, bai kamata ya yi wa kowa dariya ba. Tun daga nan muka zama abokai, kwano guda muke ci.

A Yeji hanya ta ƙare bakin wani babban kogi, sai jirgin fito ya ɗauki mota dungurungum ya ƙetare da ita. Muka iske injin jirgin ya mutu, motoci sun yi jeri. Kwana biyu muka yi nan muna cin busasshen kifi da doya, sauro na cinmu. Nan ruwa ya fara cim mani. Goro na son sanyi, atamfa ba ta so, na rasa wanda zan ji da shi, na zauna bisa akwati na jiƙe sharkaf. Hamani ya tuɓe rigarshi ya ƙara wa agogo.

Daga Tamale ƙasa ta fara kama da tamu. Itatuwa suka rage tsawo, sama ta buɗe. Ranar da na ga jaki na farko, bayan shekarun da na yi ban ga ko kashinshi ba, sai da na miƙe tsaye cikin mota ina nuna wa mutane, har wata mata ta ce ko ɗan'uwana ne. Mutanen wajen suna gaisuwa irin tamu, mai tsawo, a durƙushe, ba kamar ta Kumasi ba da za a ɗaga maka hannu a wuce. Tuwonsu ma da miyar kuka ne. Na ci malmala uku.

Gaba da Bawku muka zo kan iyaka. Ni abin da nike riƙe da shi tsohuwar lesefase ce, takardar fita da aka ba ni tun ranar da na baro gida, ta yi laushi kamar tsumma. Jandarma ya juya ta, ya dube ni, ya ce gwamnatin da ta buga hatimin nan ta tattara kayanta ta koma ƙasarta. Na tattaro ɗan faransancin lakwal na ce ni an gaya mani, takardar ce ba a gaya wa ba. Ya yi dariya, ya ce to in ni ɗan Nijar ne in faɗi launin tutarmu. Ban sani ba. A ina zan gan ta? Hamani ya matso ya ƙame irin ta soja ya faɗa, ya ƙara da cewa a yi mani haƙuri, garinmu labari bisa jaki yake zuwa. Jandarman ya rubuta mani sabuwa. Na buɗe huhu na miƙa mishi goro, don ni a sanina ba a yi maka alheri ka tafi hannu biyu. Kafin mu wuce aka jera mu duka aka yi mana lamba a dantse, wai saboda agana.

Mun canza mota nan. Ba mu yi nisa ba na hango wata tafe ta gefen da ban saba ba, na kwatsa salati na duƙe. Ashe a ƙasar da Ingilishi suka riƙe mota hagu take bi, a wadda Faransa suka riƙe kuwa dama. Na san haka a da, na manta. Har muka rabu Hamani bai daina kwaikwayon duƙawar nan ba.

A Fadan Gurma lambar ta kumbura, zazzaɓi ya kayar da ni. Aka kai ni zauren sarkin zango, wani tsohon Bagobiri da ya ce shi ma wucewa ya zo yi shekara talatin da suka wuce. Al'adar zango ita ce baƙo na da kwana uku ba a tambayar shi komai, ni na yi shida. Uwargidanshi na aiko mani da kunun tsamiya safe da yamma. Motarmu ta tafi, amma Hamani bai bi ta ba. Da na ce ya tafi kada in ɓata mishi tafiya, sai ya ce ba don ni ya tsaya ba, agogonshi ne ya gaji. Ina kwance na ji ruwa bisa rufin zaure har sau biyu. Na fara ƙirga kwanaki da yatsu, na ga ratar da ke tsakanina da damina ta tsuke.

Muka isa Yamai, nan ma jirgin fito ya ƙetare da mu. Na ga tutar da aka tambaye ni. Na kuma leƙa wani biro, wato ofishin gwamnati, na ga baƙar fata zaune bisa kujerar da a da sai Nasara, yana ɗaga murya ana rawar jiki. Abin ya yi mani daɗi, ko da yake muryar irin ta dā ce. Nan muka rabu da Hamani, ƙauyensu yamma yake. Na cika mishi aljihu da goro. Ya ce in keken ya haihu in aiko mishi da ɗa guda.

Na sauka wurin masu shanu don na san nan zan sami mutanen wajenmu. Na kuwa samu: Bube, Bafillacen da ke kiwo tsakanin Rumbu da Birnin Lalle, ya koro shanu ya sayar. Ya daɗe yana kallona kafin ya gane ni. Muka gaisa, ya yi mani gaisuwar Inna. Na tambaye shi gonata. Ya ɗan tona ƙasa da sandarshi.

"Kaɗo, ni shanu na sani, ban san sha'aninku na gona ba. Amma bayan kaka na ratsa ta wajen. Gambar da ke tsakani babu ita. Shekara uku ke nan."

Ya ce kuma akwai wata sabuwar magana da ke yawo tun da aka sami mulkin kai, wai gona ta wanda aka gani yana aiki cikinta ce, in an je biro abin da za a tambaya ke nan, ba wa ya sare ba. Illo kuwa da bakinshi yake yaɗa ta a kasuwa. An kawo shinkafa da kifi ranar, ban iya ci ba. Daga baya na lallashi kaina, na ce biro nata daban, al'ada tata daban. Dattawa na nan. In dai na isa kafin iri ya shiga ƙasa, na tsaya cikin gonata da sungumina, wa zai fitar da ni?

Daga nan tafiyata ta zama tsere. Duk inda mota ta tsaya, kafin in tambayi ruwan sha sai in tambayi ruwan sama. Doso sun yi shuka har ta fito. Dogon Dutsi an yi ruwa kwana huɗu kafin mu zo. Amma nan na sha furar gero ta farko, da nono mai kauri, a inuwar wata itaciyar bedi bakin tasha. Na shanye ƙwarya, na ce a ƙaro. Mai furar ta ce malam, daga kaso aka sako ka? Na ce kusan haka. Duk da abin da ke cikin raina, ranar na ji ni mutum ne. A Ƙwanni ko'ina ka juya Hausa ake yi, ba sai ka nemi zango ba, sai dai sun ce tawa ta karkace, suka laƙaba mani ɗan Kurmi. Madawa na iske ƙasa busasshiya, na sayi kilishi don murna. Da la'asar hadari ya taso daga gabas, na zuba mishi ido har ya karkata kudu ya wuce.

Maraɗi ta cika da motoci da kantuna, amma mai zuwa Dakoro guda ce, ita ma sai jajibirin kasuwa. Kwana uku na jira. A na biyu aka yi ruwa mai ƙarfi, gari duk ya fita shuka. Na tsaya bakin tasha ina tare duk wanda na ga alamar daga arewa yake. Kowa amsa guda: can ko ɗigo.

Muka tashi, muka wuce Kornaka, ƙasa fara fat. Ba mu yi nisa ba wani ƙarfe ya karye a ƙarƙashin mota. Shofer, wato direba, ya shiga ya fito ya ce sai an aika Maraɗi, kwana biyu in Allah ya so. Gabas kuwa ta yi duhu. Na ba wani ɗan kasuwa da na sani ajiyar akwati da goro ya kai mani Dakoro, na sa aka sauko da keke, na ɗaura atamfar Hajo a baya, na hau gaban mutane da ƙasaita. Ban yi taki hamsin ba ƙafar gaba ta nutse, na kifa. Na tura, ya ƙi. Na saɓa shi a kafaɗa, mutanen mota na ta yi mani kirari. Haka na yi ta tafiya har rana ta take, sai ga wani Buzu da raƙuma uku ba kaya. Ya tsaya ya zagaya keken, ya murza ƙararrawa, ya tambaye ni me dabbar nan take ci. Na ce mai ita. Ya yi dariya har rawaninshi ya zame, ya ɗaure keken bisa raƙumi guda, ya aza ni bisa wani, ya kai ni har Ajekoriya. Na ba shi sauran kilishi, ya ce ba don haka ya yi ba, amma ya karɓa.

Na iske Hajo tana daka. Na yi sallama, ta amsa ba ta juyo ba, ta ce maigidan ya fita. Na sake sallama. Ta saki taɓarya.

"Yaya? Kai ne ka yi furfura haka?"

Na ce ita ma ba yarinya na iske ba. Ta yi kuka, ta yi dariya, ta dama mani fura da hannunta, irin damun Inna. Ta ba ni labarin ciwon Inna da rasuwarta, ba ta ɓoye mani cewa har ƙarshe tana tambayar ko an ji ɗuriyata ba. Wannan na haɗiye shi, nawa ne. Sannan ta ce Illo ya kai dami shekara huɗu, har Inna ta rasu. Da gidan ya zama kango sai ya daina. Ita ta taka ta je ta ce ya kawo mata a madadina, ya ce mace mai aure a wani gari ba ta karɓar damin gona. Na tuna Mami da danginta na uwa. Na tambayi ruwa. Ta ce ko yayyafi ba a yi ba, nan da Birnin Lalle duka. Na yi hamdala. Wata guda da kwanaki yana bina, na riga shi.

Da asuba na bar keken a gidanta na taka da ƙafa. Hantsi ya yi na hango gawon gonarmu. Ba zan yi muku ƙarya ba, gudu-gudu na ƙarasa, ni da shekaruna. Gamba babu, kamar yadda Bube ya faɗa, amma ni ba ni bukatar ta, na san iyakar: daga gawo ta miƙe zuwa tsohon suri. Na tsaya tsakiyar gona ina haki, ina jin daɗi. Sai na dubi ƙasa. Layi-layi, saran sungumi, kowane da sawun diddige bisanshi. Na durƙusa na sa yatsa na tona. Ga ƙwayar gero, busasshiya, kwance.

Binne ya yi. Wato shukar da ake yi cikin busasshiyar ƙasa kafin ruwa, iri ya kwanta yana jira. Caca ce, don ɓera na tonewa, in kuma aka yi ɗan yayyafi ya tsaya iri ya ruɓe. Illon da na sani, shi ke zagin masu binne, yana cewa gaggawa ce ta marasa tawakkali. Na duba tashi gonar ta asali, ko sara guda babu. Tawa kaɗai ya binne. Wasiƙata ta iso lafiya ke nan.

Na zauna gindin gawo na daɗe. Daga nan na nufi gidan Baba Arzika, shi kaɗai ya rage cikin dattawa ukun da suka shaida aron. Ya tsufa ƙwarai, amma hankalinshi garau. Ya riƙe hannuna ya ce shaida yana nan bisanta, aro ne, ko gaban wa zai faɗa. Amma iri ya shiga ƙasa, kuma binne ma shuka ce, ba wanda zai ce a tone. Ya ce in jira kaka. Na ce in na jira, shekara ta goma sha biyu ke nan ana ganin Illo cikin gonar ba a ganina, shi kuma Baba, Allah ya ja kwana, in ya kwanta dama wa ya rage? Bai ji haushi ba. Ya ce gaskiya ce. Ya ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Ina zaurenshi ruwan ya sauko, bayan azahar. Ruwa na sosai, irin wanda ke jiƙa ƙasa har kamu guda. Na fito na tsaya cikinshi. Ƙanshin nan da na baro Kumasi dominshi ya tashi ko'ina, mata na guɗa, maza na fiddo sungumi. Na san iri na can yana sha, ba ni na zuba shi ba, amma cikin ƙasar ubana yake sha, ni kuma ga ni tsaye a garinmu. Ban ji baƙin cikin da na zaci zan ji ba. Cikin ruwan nan na gane abin da zan yi.

Bayan la'asar na iske Illo ƙofar gidanshi, zaune bisa tabarma da maƙwabta huɗu, suna gyaran ƙotar sungumi. Ya yi ƙiba. Ya miƙe da sauri, Yaya sannu da hanya, Yaya ashe kana tafe, a kawo ruwa, a kawo tabarma. Na gaishe da mutane ɗaya-ɗaya, na sha ruwan, don ruwa bai yi mani laifi ba. Ban zauna ba. Tun ban buɗe baki ba ya fara: wai wasiƙar ta zo a makare, wai bakuna tara yake ciyarwa, wai shekara bakwai bai san wanda zai kai wa dami ba, wai gambar gara ce ta cinye ta. Na bar shi har ya ƙare. Cikin maganarshi akwai gaskiya kaɗan, na kuwa san wadda ce. Sannan na ce mishi, gaban mutanen nan huɗu:

"Illo, na ji. Ban aiko ba shekara goma sha ɗaya, wannan laifina ne, na ɗauka. Irin da ka binne naka ne, ba ni tone shi, ba ni kai ka biro, ba ni kai ka gaban sarki. Amma ban taɓa jin al'adar da ta hana mutum ya taya ƙanenshi noma ba. Ranar da geron nan ya fito, za ka iske ni ciki da hauyata, daga gawo zuwa suri. Ni zan yi noman fari, ni zan yi maimai, ni zan kori tsuntsu, duk mai wucewa kasuwa ni zai gani. In kaka ta yi ka kwashe hatsinka ka ciyar da ɗiyanka, zangarniya guda ba ni so. Gambar kuwa gobe zan dasa ta tun ƙasa na da danshi, kuma ni zan riƙa kwana kusa da ita, in ga garar da ke da ƙafa biyu. In kana da bakin da za ka ce wa yayanka ya fita daga gonar ubanshi don yana yi maka noma kyauta, ga mutane nan zaune, faɗi yanzu su ji."